Kara, Laka da Roba: Tarihin Kayan Wasan Yara a Ƙasar Ka'oje da Hanyar Koyar da Shi

A makarantun ƙananan yara na Ingila akwai wani darasi da malamai suka saba bai wa 'yan shekara biyar zuwa bakwai, watau darasin kayan wasa na da da na yanzu. Tun da dokar ilmi ta 1988 ta kafa manhaja guda ga makarantun gwamnati na ƙasar, tarihi ya zama wajibi tun daga ajin farko, manhajar da aka soma aiki da ita a 2014 kuwa ta bukaci a fara wa yaro da canje-canjen da suka auku cikin zamanin mutanen da ke raye. Malamai suka duba, suka ga ba abin da yaro ya sani ciki da bai kamar abin wasansa. Sai a kawo 'yar tsana ta tangaran da jirgin ƙasa na kwano a jera su gefe guda, a kawo na roba da masu aiki da batir a jera ɗaya gefen, a ce yara su rarrabe tsoho da sabo, su faɗi dalili. Malamin da ke kusa da Landan ya kan kai ajinsa gidan kayan tarihi na Bethnal Green, wanda aka keɓe wa kayan ƙuruciya tun 1974, yara su ga abin da kakannin kakanninsu suka yi wasa da shi, ga shi nan jere cikin gilashi.

Darasin ba shi da laifi a inda aka haife shi. Amma yanzu ya yi ƙafa, duk malamin da ke da waya a hannu yana iya samunsa a intanet, da hotunansa da jadawalinsa, ya kwafa. Bukatarsa kuwa ta taso a Nijeriya, domin tarihi, wanda aka cire daga darussan firamare wajen 2009, an ƙaddamar da komo da shi a 2022, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta ambaci kayan wasa cikin hanyoyin tarbiyyar yaran da ba su isa firamare ba. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, in aka ɗauko darasin yadda ya ke aka sauke shi a aji a Ka'oje, aka ja layi a allo, aka rubuta kara da laka ƙarƙashin "da", roba ƙarƙashin "yanzu", to, an koya wa yara tarihin da ba haka ya ke ba. Darasin Ingila yana tsaye ne bisa ƙafa biyu: abin wasa saye a ke yi, kuma yana daɗewa har ya riski jikoki. A ƙasar Ka'oje kuwa, har zuwa 'yan shekarun nan, ba ko ɗaya daga cikin biyun.

Ka'oje gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a hayin Kogin Kwara, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahomey kafin 1975. Sarautar hakiminsa, Sarkin Bargu, ta isa shaida cewa ƙasar a arewacin Bargu ta ke. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ita ta tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna hannun Ingila. Cikin shekarun farko na mulkin Turawa aka yanke Illo da Ka'oje daga Bargu aka haɗa su da ƙasar Gwandu a Lardin Sakkwato, daga nan suka bi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, Jihar Kebbi a 1991. Tun kafin Turawa su ja iyaka, fataken goro daga Kano da Katsina su kan ƙetare Kwara su ratsa Bargu zuwa Gwanja, saboda haka baƙon kaya ba baƙo ba ne a wannan yanki. Fulani da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bargawa duk suna zaune kusa da juna, yaro ya kan tashi da harshe biyu ko uku, sa'an nan ga kalmomin Faransanci suna shigowa ta hanyar Tsamiya da Segbana. Wannan cakuɗa, kamar yadda za a gani, jari ce ga malamin tarihi.

Abu na fari da ya kamata a riƙe shi ne, abin wasan yaro a wannan ƙasa kamar amfanin gona ya ke, yana da kakarsa. In an girbe gero da dawa, kara ya wadata, sai yara maza su zauna su feƙe ɓawonsa siri-siri, su yayyanka totuwarsa, su riƙa soka wannan cikin wancan, har a sami mota ko tabarau ko kejin tsuntsu. Ba ƙusa, ba gam; ɓawon shi ne ƙusar, totuwar ita ce katakon. Da damina, ko a bakin tafki sa'ad da ruwa ya fara janyewa, laka ce abin aiki. Ƙashin ƙafar rago ya kan samu bayan Babbar Salla. Cikinsu kuwa ba mai dogon kwana. Gara ta ci kara, akuya ta tauna, uwa ta hura wuta da saura, ruwan farko ya narkar da saniyar laka. Yaron ma bai damu ba, gama ya san inda zai samo wani, kuma rabin daɗin yana wajen ƙirar. Saboda haka da wuya a shiga wani gida a ce ga dokin karan kaka an adana. Abin da ya daɗe shi ne gwaninta, wadda wa ke miƙa wa ƙane a gindin rumbu, da siffar abin, da sunansa. Mai neman tarihin kayan wasa a nan sai ya bi sawun waɗannan, don abin kansa ba ya tsayawa a tambaye shi.

Mafi tsufa a cikinsu duka, bisa ga alama, su ne shanun laka. Sa'ad da Graham Connah ya tona tudun Daima a ƙasar Barno a 1965 da 1966, ya sami ƙananan siffofin dabbobi na laka, da yawansu shanu, cikin ƙasar da ta haura shekara dubu, ana kuma kyautata zaton waɗansunsu kayan wasan yara ne. Daima na da nisa ƙwarai da Ka'oje, amma ɗabi'ar ɗaya ce a duk inda a ke kiwo tsakanin Chadi da Kwara. Ɗan Bafillace ba ya gina saniya kawai don a ce saniya ce. Ya kan ɗora mata tozo, ya tsayar da ƙaho yadda mai kallo zai san ko bokolo ce mai gajeren ƙaho ko rahaji mai dogo, ya kewaye garken da 'yan tsinkaye, ya ware maruƙa gefe kamar yadda ya ga a ke yi a ruga. Ilmin kiwo ne ya ke bita da hannu tun bai isa riƙon sanda ba. To, saniyar da yaro ya gina da hantsin yau, a wane gefen allo za a sa ta? In an ce "da", an yi ƙarya, lakarta ko bushewa ba ta yi ba. In an ce "yanzu", an zubar da shekara dubu. Jadawalin Ingila ba shi da gurbin abin da ya ke tsoho kuma sabo a lokaci guda, alhali yawancin kayan wasan ƙasar nan haka su ke. Dokin kara ma haka ne: kara ɗaya a tanƙwasa kansa, a ɗaura masa linzami na igiya ko kaba, a hau a yi sukuwa, ana kwaikwayon hawan sarakuna da jarumai waɗanda suka riga mota da ɗaruruwan shekaru.

'Yan mata kuwa 'yar tsana ce tasu. A kan yi ta da kara, ko totuwar masara, ko laka, ko ƙashi wanda a ke liƙa wa kakin zuma ko danƙo a kai a yi masa kitso, a sa masa 'yan kunne da tsakiya, a ɗaura masa ƙyalle. 'Yar tsana ta ƙashi sananniya ce a ƙasashen Kwara na sama, wajen Zabarmawa da maƙwabtansu. Abin lura shi ne, sau da yawa 'yar tsanan gargajiya ba jaririya ba ce, budurwa ce ko amarya; ƙoƙarin yarinya duk yana wajen kitso da ado, fuska kuwa ko a yi ko kada a yi. Ana goya ta, ana yi mata aure da gara da kayan ɗaki, a dafa tuwon ƙasa a tsingaro, a raba a sakaina. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta ba da labarin ƙuruciyarta a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya karanta kuwa zai ga yadda wasan yara ya ke bin sawun zaman manya taki-taki. Akwai malaman makaranta da ke ɗari-ɗari da kawo 'yar tsana aji don tsoron maganar sura. Ya kamata su sani Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malaman Malikiyya irin su Alƙali Iyal sun keɓe 'yan tsanan 'yan mata daga hanin, don suna koya musu reno. Wannan ya isa amsa in uba ya zo da tambaya.

Inda jadawalin ya fi karyewa shi ne wajen motar kara. Duk wanda ya gan ta zai ce kayan gargajiya ce, littattafai ma a nan su kan sa ta. Amma ba mai iya ƙera motar kara sai ya ga mota. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, motocin kaya suka fara yaɗuwa a Arewa bayan yaƙin duniya na farko, suka yawaita bayan na biyu. A hayin Faransa dogo ya tashi daga Kwatano ya tsaya Parakou a 1936, daga nan motoci ke ɗaukar kaya zuwa Malanville, inda aka gama gadar Kwara ta Gaya a 1958. Ko yaya aka lissafa, motar kara ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, a ƙauyukan da ke nesa da hanya kuwa ba ta kai ba. Watau dokin kara da motar kara daga gona ɗaya suka fito, amma tsakaninsu akwai ƙarnuka. Kara bai sake ba, abin da idon yaro ke gani ne ya sake. Daga baya aka sami jirgin sama na kara, da keke, da babur, da akwatin rediyo har da eriyarsa. Bayan da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba yara suka soma gina ta da laka, su tsattsaga mata wurin lambobi, su kara a kunne suna gaisuwa irin ta manya. Wayar laka ta fi 'yar tsanar roba ƙuruciya nesa ba kusa ba, amma bisa jadawalin nan gefen "da" za ta faɗa, don kawai da laka aka yi ta.

Ke nan abin da yaro ya kwaikwaya shi ne shaida ta fari a kan zamanin abin wasa. Shaida ta biyu ita ce abin da aka yi shi da shi, amma ba a rarrabe shi biyu kawai, na gona da na kanti. Akwai wani zamani a tsakiya wanda jadawalin bai san da shi ba, shi ne zamanin tarkacen kanti. Da kamfanonin Turawa suka kawo dilolin yadi ɗaure da siririn ƙarfen nan da a ke kira langa-langa, yara suka tsince shi suka tanƙwara motar langa-langa. Gwangwanin madara da na tumatir da na kifi suka zama jikin mota, murfin kwalba da tsohon silifa da aka yanka da'ira suka zama tayoyi, aka sa doguwar waya da sitiyari a kanta, mai motar na tuƙi yana tafe. Gare-gare ya jira keke, don da tsohon wilinsa ko tayarsa a ke yi. Danƙon harbin tsuntsu ya jira tsohon tif, ko da ya ke gwafarsa ta icen daji ce. Katantanwa, wadda a ke murzawa ta yi juyi a rairayi, ta fara da ƙoƙon dodon koɗi, daga baya yara suka gano murfin biro na yin aikin. Ƙwallon tsumma ya koma ƙwallon leda sa'ad da ledar ruwa ta cika tituna daga shekarun 1990. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗauke da labarin shigowar wata haja kasuwa, kuma a nan ne gwanintar yara ta kai matuƙa, gama sai da ƙarfe da almakashi da dabara.

Shaida ta uku harshe ne, ita ce kuwa aka fi sakaci da ita. A ɗauki kalmar waya. Daga Ingilishi aka aro ta, ma'anarta ta fari siririn ƙarfe. Da aka kafa turakun tangaraho sai ta zama sunan saƙon da ke bi ta cikinsa, har a ce gidan waya, an buga waya. Daga nan ta koma kan tarho, yau kuma tana kan abin da ba shi da waya ko kamu ɗaya. Saboda haka motar waya da wayar laka kalma ɗaya suka raba, amma ma'ana biyu, zamani biyu. Roba ma aro ce, asalinta sunan danƙon itace, yanzu ta haɗiye duk abin da masana'anta ta narka ta zuba, tun daga bokiti har 'yar bebi. Danƙo kuwa, kalmar gida, ta tsira a bakin yara wajen abin harbi. Leda daga sunan fata ta fito a Ingilishi, ta bi ta shimfiɗar ɗaki ta sauka kan jakar kasuwa. Ƙamus na Bargery, wanda aka buga a 1934, ma'auni ne mai amfani a nan: kalmar da ke cikinsa ta riga wannan shekara, ma'anar leda ta yanzu kuwa ba yadda za a yi ta shiga, tun da sinadarin da a ke yin ta da shi sai a 1933 aka gano shi a Ingila. 'Yar tsana da 'yar bebi in an jera su, sunayen kaɗai sun faɗi wadda ta riga.

A bakin iyaka abin ya ƙara armashi. Hausar da ta zauna ƙarƙashin Ingila ta ce mota da lori da biro da makarantar boko. Wadda ta zauna ƙarƙashin Faransa ta ce mato da kamiyo da bik da lakwal. Yaron da ke da dangi a hayin iyaka zai iya kawo suna biyu na abu guda, malami kuwa ya sami ƙofar gaya masa, daidai hankalinsa, cewa Turawa iri biyu ne suka raba ƙasar. Saniyar laka ɗaya ita ce nagge a bakin Bafillace, haw a bakin Bazabarme da Badande. Doki shi ne puccu, shi ne bari. Har cikin Hausar kanta, mutanen yamma su kan ce ɗiya inda Kano ke cewa 'ya, su ce motak kara inda a ke rubuta motar kara. Malamin da ya yi horo a kan daidaitacciyar Hausa ya kan ɗauki wannan kuskure ne ya gyara. A darasin rubutu yana da hujja. A darasin tarihi kuwa shaida ya ke gogewa.

Kayan wasa na roba su ne na ƙarshen zuwa. Masana'antun Turai da Amurka sun juya ga roba bayan yaƙin duniya na biyu, tubalan Lego na yanzu na 1958 ne, 'yar tsanar Barbie ta 1959. Amma abin bai yi arahar da zai kai kasuwar ƙauye ba sai da ƙasar Sin ta buɗe ƙofar ciniki daga 1978, garuruwa irin su Chenghai na lardin Guangdong suka zama maƙerar kayan wasan duniya. Daga can kaya ke sauka Ikko ko Kwatano, su hau mota zuwa Arewa, su baje a tire ranar kasuwa da ranar Salla: motoci, bindigogi, usur, balan-balan, tabarau masu launi. Iyakar da ke kusa da Ka'oje tana cikin hanyoyin irin wannan ciniki, abin da ya sa rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya zama labarin da yaran yankin za su ji a gida ba a littafi ba. Ba daidai ba ne a ce sayen abin wasa sabon abu ne ɗungum, domin tun da can maginan tukwane da masassaƙa su kan yi 'yan tukwane da 'yan turame a saya wa yara mata. Kuma ba a ce roba mugun abu ce ba. Yaro na son launi, ba wanda ya isa ya hana shi. Canjin da ya auku na gaske shi ne wannan: da yaro shi ne maƙeri, mafi gwaninta shi ke da mota mafi kyau ko ɗan wa ne, yanzu mai mota mafi kyau shi ne wanda aka ba goron Salla mafi tsoka. Malamin da ya sa kara a "da", roba a "yanzu", ko bai nufa ba, ya gaya wa ɗan talaka cewa abin da hannunsa ya yi jiya ya zama tsohon yayi, shi da abin nasa an bar su a baya.

Makarantar boko ba ta taɓa rasa sanin darajar hannu a takarda ba. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda a ke koyon dukanci da ƙira da sassaƙa. Takardar manufar ilmi da Ofishin Mulkin Mallaka ya fitar a 1925 ta ce a daidaita karatu da sana'o'i da al'adun mutane, aikin hannu kuwa ya zauna cikin jadawalin elementare shekara da shekaru. Sai dai abin da aka ɗauko sana'ar manya ce, igiya da tabarma da tsintsiya. Ƙirar yara ta kansu an bar ta bakin ƙofa a kan wasa ce. Daga baya ma a wurare da yawa aikin hannu ya koma a sayo tsintsiya a kasuwa a kawo a sami maki. Abin mamaki kuwa, manyan masu gyaran tarbiyyar yara na Turai, Froebel wanda ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a Jamus a 1840, da Montessori wadda ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, abin da suka wahala suna ƙirƙira da ƙwallaye da gutsattsarin katako shi ne a ba ɗan birni damar haɗa abu da hannunsa ya warware ya sake. Wannan dama tana zube a kowace gona a Ka'oje bayan girbi. A ɓangaren Faransa an ɗan fi kula: Charles Béart, wanda ya shugabanci makarantar horon malamai ta William Ponty, ya buga littafi juzu'i biyu a Dakar a 1955 a kan wasanni da kayan wasan Afirka ta Yamma. Makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma a 1989, su ne suka fi kowa bukatar irin wannan aiki, don ɗaliban nasu su ne magina shanun laka.

To, yaya za a ba da darasin? Yaro ɗan shekara shida bai san 1911 ba, bai san ƙarni ba, amma ya san kaka, ya san baba, ya san kansa. Da waɗannan uku za a auna masa zamani. A roƙi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya na unguwa su zo aji, ba don su yi jawabi ba, a ajiye musu kara da laka da ƙashi da ƙyalle su ƙera abin da suka yi wasa da shi, yara na kallo suna kwaikwayo. A nan sai malami ya yi hattara da wani tarko. Kakan yaron da ke aji ɗaya yau yawanci haihuwar shekarun 1950 ne zuwa 1970, wataƙila ma yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa makaranta da shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Watau shi ɗan zamanin gwangwani da langa-langa ne, ya buɗe ido ya ga mota. Abin da ya kawo ba shi ne na tun fil azal ba. Sai an tambaye shi wane ne ya koya daga wansa, wane ne kuma ya ji kakansa ya ce su ma sun yi, sa'an nan doki da saniya da 'yar tsana za su rabu da mota da gare-gare. Waɗanda suka ji labarin zuwan mota ta fari daga bakin wanda ya gani da idonsa sun soma ƙaranci, in ba a tambaye su cikin shekarun nan ba, ba sauran mai amsawa.

In an gama ƙira, kowane yaro ya ajiye nasa, har da na roba da aka zo da shi daga gida, a riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya ana tambaya. Wannan siffar mene ne, kuma kaka ta tarar da abin a garin nan ko a gabanta ya zo? Da me aka yi shi, daga gona ko daga kanti ko daga juji? Yaya sunansa a gidanku, ku kuma fa a naku? Maimakon layi ɗaya a allo, a shimfiɗa igiya a ƙasa, wannan bakin zamanin kakan kaka, wancan bakin yau, a bar yara su yi gardamar inda kowane abu zai zauna. Za su ga da kansu saniyar laka ba ta da wuri ɗaya, sai an gina huɗu an jera tun daga farkon igiya har ƙarshenta, wayar laka kuwa can ƙarshe za ta zauna kusa da bindigar roba.

Ga kwalejojin horon malamai, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi. Duk ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji gundumomin Ka'oje da Illo da Bagudo a ba shi littafin rubutu guda, ya rubuta sunan kowane abin wasa yadda aka faɗe shi, ba tare da gyara ba, da harshen da aka faɗa, da ƙauyen, da kimanin shekarun mai faɗa, da yadda a ke haɗa shi gaɓa-gaɓa, ya ɗauki hoto da wayarsa. Sai dai a lura da lokaci. Ana girbe dawa wajen Nuwamba da Disamba, saboda haka darasin kara ƙarshen zangon farko ya dace da shi, ko farkon na biyu. In aka bari bazara ta gabato, karan ya riga ya tafi danni da murhu da bakin shanu, sai a jira lakar damina a yi darasin shanu da tukwane a zango na uku.